Wa ya fara ƙera motar kara a unguwarku?

Ranar wata Laraba cikin hunturun bana, ina tsakiyar darasin lissafi da 'yan aji biyar a nan Binduri, sai na ji ƙus-ƙus a bencin baya. Na taka a hankali, na tarar da yara uku sun sunkuya a kan wani dokin laka wanda tsawonsa bai kai tafin hannu ba. An yi masa sirdi, an sa masa linzamin zaren buhu, ga mahayi har da rawani. Ƙafa ɗaya ta tsage saboda bushewar iska. Na karɓe, kamar yadda kowane malami zai yi, na ajiye a kan tebur. Da aka tashi, mai dokin ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hannu. Ya ce, "Malam, don Allah kada a jefar. Kakana ne ya nuna mini yadda ake yin wuyan."

Gaskiya sai da na ji kunya. A shekarun da na yi ina koyarwa tun fitowata daga kwalejin horon malamai, Allah kaɗai ya san yawan shanun laka, motocin kara da 'yan tsanar totuwa da na ƙwace na zuba a shara. Ban taɓa tambayar wani yaro wa ya koya masa ba. Kuma ni ɗin nan da hannuna na yi irinsu. A unguwarmu akwai wani yayanmu, Allah ya jiƙansa, wanda shi ne ya koya wa kusan duk sa'o'ina ƙera mota. Yakan ɓare bawon karan dawa siri-siri ya zama ƙusa, totuwar ciki ta zama katako. Ya yanka tsohon silifas ya fitar da taya huɗu daidai wa daida ba tare da ma'auni ba. Idan ya samu gwangwanin madara ko na Milo, to ranar babbar mota za a yi, irin masu ɗaukar albasa daga kasuwar Bawku zuwa Kumasi, har da ƙaramin tsani a baya da wurin zaman yaron mota. Yau ko guda ɗaya daga cikin abin da ya ƙera babu. Hotonsu ma babu.

Abin da ya sa maganar yaron ta tsaya mini a rai shi ne, na san akwai inda ba a wasa da irin wannan tambaya. A Amurka da Turai akwai manya, masu mata da 'ya'ya, da suka mayar da tara 'yan mutum-mutumin roba sana'a da zumunci. Za ka iya yi musu dariya, ni ma na yi. Amma dubi yadda suke riƙe da tarihinsu.

A 1964 kamfanin Hasbro ya fito da sojan roba mai suna G.I. Joe, suka ƙi kiransa 'yar tsana don sun san yara maza ba za su taɓa ba. A 1977 fim ɗin Star Wars ya fito ya yi kasuwar da ba wanda ya zata. Kamfanin Kenner na birnin Cincinnati, wanda ya samu izinin yin kayan wasan fim ɗin, bai iya shirya su kafin Kirsimeti ba. Sai ya sayar wa iyaye kwali da takardar alkawari cewa za a aiko da 'yan mutum-mutumi huɗu a shekara mai zuwa. Wato yara sun karɓi alkawari a matsayin kyautar biki, kuma aka saya. Yawancin waɗannan kayan an yi wasa da su, sun karye, an zubar. Kaɗan ne suka tsira, a hannun mutanen da ake ganin ba su da aikin yi.

Cikinsu akwai Steve Sansweet, wanda a da ɗan jarida ne a Wall Street Journal. Ya tara, ya rubuta littafi a kai a 1992, daga baya ya mayar da tarinsa gidan kallo a garin Petaluma na jihar Kalifoniya. Littafin bajinta na Guinness ya sa shi a matsayin mai tarin kayan Star Wars mafi yawa a duniya, kusan guda 300,000 a lokacin. Akwai kuma wani ɗan mutum-mutumi mai suna Boba Fett da aka tsara a 1979 yana harba ƙaramar roka daga bayansa. Kamfanin ya fasa sayar da shi a haka don tsoron kada yaro ya haɗiye rokar ta shaƙe shi. Samfuran gwaji kaɗan suka rage, wasu a gidajen ma'aikatan kamfanin. A watan Agustan 2024 an yi gwanjon guda ɗaya a kan dala miliyan 1.34.

Kuɗin ba shi ne ya dame ni ba. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, masu tarin sun bi tsofaffin ma'aikatan Kenner, suka tambaye su wa ya zana wannan, wa ya sassaƙa wancan, suka rubuta. Wanda ya fara jera sunayen kayan a takarda, wanda ya fara ɗaukar hotunansu, duk ana ambatonsu idan an taru. Har zauren karrama kayan wasa gare su a gidan tarihin Strong da ke birnin Rochester. 'Yan mutum-mutumin Star Wars sun shiga a 2012. Kafin su, a 2005 an karrama kwalin banza, a 2008 kuma aka karrama sanda. I, sanda dai da ka sani, wadda yaro ke hawa ya ce dokinsa ne.

To mu fa? Sai na waiwayo gida, na ga cewa matsalarmu ta wuce kayan wasan yara. Ko manyan abubuwan laka da duniya ta san yankinmu da su, waɗanda suka fara tsintarsu ba a riƙe sunayensu ba.

Ɗauki labarin Nok a Najeriya. A farkon shekarun 1940, wani akawu a wurin haƙar kuza kusa da Jama'a ya tsinci kan mutum na gasasshiyar laka. Ya kai gonarsa ta doya ya kafa don korar tsuntsaye da dabbobi, ya yi kusan shekara a nan. Daga baya kan ya isa hannun Bernard Fagg, jami'in Turawan mulki mai ilimin tona kayan tarihi, wanda ya lura yana kama da wani da aka tono a ƙauyen Nok tun 1928. Daga nan aka san da al'adar Nok, mai shekara fiye da dubu biyu, kuma Fagg ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Sunansa yana ko'ina, kuma ya cancanta. Shi kuwa mutumin da ya ga kan bai fasa ba, ya ɗauka ya adana, duk inda aka ba da labarin "wani akawu" ake ce masa.

Ba sai mun je Najeriya ba. Yamma da mu, a ƙasar Koma, akwai ƙauyen Yikpabongo a gundumar Mamprugu Moagduri. Manoman wurin sun daɗe suna cin karo da 'yan mutum-mutumin laka idan suna noma ko haƙar ƙasar gini. A harshensu suna kiransu da abin da ke nufin 'ya'yan zamanin da. A 1985 Farfesa James Anquandah na Jami'ar Ghana ya yi haƙa ta farko ta ilimi a wurin. Aka samu mutane a zaune, kawuna masu fuska biyu, dabbobi, da mahaya a kan doki ko raƙumi. Da na fara ganin hoton wani mahayin Koma, wallahi dokin yaron ajina na tuna, sai dai wancan an gasa shi, kuma binciken baya-bayan nan ya sa shekarunsu tsakanin ƙarni na 6 da na 14.

A nan dole in yi gyara kada a fahimce ni a baibai. Na Koma ba kayan wasa ba ne. Masu bincike sun haska cikinsu da na'urar asibiti, suka ga ramuka da suka shiga daga hanci, kunne ko tsakar kai, alamar ana zuba musu wani abu, wataƙila don magani ko ibadar mutanen wancan zamani. Mu Musulmi ba abin girmamawarmu ba ne ta fuskar addini. Amma shaida ce cewa mutane masu fasaha sun zauna a wannan ƙasa suna hulɗa da fatake tun kafin a san hanyar goro ta Salaga, kuma wannan ilimi ne da ya kamata yaranmu su samu.

Abin da ya biyo bayan 1985 bai yi daɗi ba. Da labari ya bazu, dillalai suka shigo, aka riƙa tona tuddan ba tsari ana sayarwa, kayan suka ɓulla a kasuwannin Turai. A shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Koma tare da na Nok a jerin kayan Afirka da ke cikin haɗarin sata. Daga 2006 Benjamin Kankpeyeng na Jami'ar Ghana ya sake komawa haƙa, daga baya Timothy Insoll na Jami'ar Manchester ya haɗu da su, kuma a 2013 aka baje kolin guda 60 a gidan tarihin Manchester a Ingila. Akwai wuri ɗaya da na ga an yi abin da ya dace: littafin da Bajamushe Franz Kröger ya fitar a 2010 kan al'adun Koma yana ɗauke da sunan Ben Baluri Saibu, ɗan yankin, a matsayin abokin rubutu. Amma manoman da suka fara ɗaga waɗannan abubuwa daga ƙasa suka ajiye a gefen ɗaki, "mutanen ƙauye" kawai ake ce musu.

Idan haka ta faru da abin da jami'o'i ke rububinsa, ina ga motar kara? Ita ko damina ɗaya ba ta kaiwa, gara za ta cinye. Dokin laka da ba a gasa ba, yayyafi ɗaya ya ishe shi. Fasahar a hannu take da ƙwaƙwalwa, daga wa zuwa ƙane, kuma layin yana tsinkewa. Ranar kasuwa a Bawku za ka ga motocin roba da bindigogin roba 'yan China a shimfiɗe a ƙasa da araha. Ban ga laifin uwar da ta saya wa ɗanta ba. Amma na gwada tambayar ajina wa ya iya haɗa motar kara mai sitiyari, irin wadda ake tuƙawa da doguwar sanda a tsaye. Hannuwan da suka tashi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma dukkansu yaran ƙauyukan bakin kogi ne, inda ake noman albasa da rani kuma laka ba ta yankewa.

A wajena na malami, wannan asara ce ta karatu kai tsaye. Yaron da ya taɓa haɗa gatari da taya ya riga ya san abin da nake wahalar zana masa a allo. Ya san me ya sa taya ke karkata idan ramin bai zauna a tsakiya ba. Yarinyar da ta yi wa totuwar masara kitso ta ɗinka mata zane ta san awo da rabo tun kafin ta ji sunansu.

Wani uba ya taɓa tare ni ya ce, "Malam, wannan siffofi da yara ke yi, ba haramun ba ne?" Na ce masa ni ba mai fatawa ba ne, ya tambayi limaminmu. Amma na tuna masa abin da ya zo a Bukhari cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah (SAW), da ruwayar Abu Dawud game da dokinta mai fukafukai wanda ya sa shi dariya. A kan haka malamai da yawa suka sassauta a kayan wasan yara. Ya yi shiru, can ya ce shi ma da yana yaro ba wanda ya kai shi iya ƙahon sa.

Washegarin ranar dokin, na sa kafinta ya buga mini katako biyu a bangon bayan aji. Sharaɗi ɗaya na kafa: duk wanda zai ɗora abu a kai, sai ya kawo kati ɗauke da sunansa, ranar da ya yi, da sunan wanda ya koya masa, da wanda ya koya wa wancan idan za a iya samu. Wannan layi na ƙarshe shi ya fi ba su wahala, kuma shi ya tura su gida da tambaya. Wata yarinya ta dawo da sunaye uku a jere, ita da gwaggonta da kakar gwaggon, wadda aka ce da ƙashin ƙafar tunkiya take yin tata 'yar tsanar. Wani yaro ya gano cewa makanikin babur ɗin da ke bakin hanya shi ne gwanin motar waya na zamaninsa, har mutumin ya zo da kansa ya duba aikin, ya ce sitiyarin ya yi tsawo.

Yanzu akwai abu goma sha ɗaya a kan katakon. Nakan ɗauki hoton kowanne da wayata tare da katinsa, don na san gara ba ta karanta kati. Dokin yana nan, mun ɗaure masa ƙafar da zare. Na farko a jerin kuwa wata mota ce da ni na zauna na ƙera a daren Asabar, bayan shekara ashirin da wani abu ban taɓa kara ba. Tayar baya ɗaya tana ɗingishi, yara sun yi ta dariya. A katinta, a layin wanda ya koyar, na rubuta cikakken sunan yayan nan namu da shekarar da ya rasu, sannan na aika wa ɗansa hoton a Kumasi.