Tseren hawa da gangara a lokacin ɗari

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, in an gama girbi hatsi ya shiga rumbu, iskar hunturu takan sauko ƙasar Adar. Da asuba sanyi yakan hana mutum fita sai da bargo. Wannan lokaci shi ne ya fi dacewa da gudu mai nisa, domin jiki ba ya saurin zafi. Ƙasar Tajaye da maƙwabtanta, Ilela da Malbaza da Ƙonni, tana da abin da masu tsere na wasu ƙasashe suke biyan kuɗi su je nema, wato tudu da fako da kwari. Abin da ya rage shi ne samari su san yadda ake cin moriyarsu.

Akwai abin koyi a Afirka ta Kudu. A can lokacin ɗari yana faɗowa cikin watan Yuni, kuma wajen wannan lokaci ake yin tseren da ake kira Comrades, ma'ana abokan gwagwarmaya. Wani tsohon soja mai suna Vic Clapham ya kafa shi don tunawa da abokansa da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko. An yi na farko ranar 24 ga Mayu 1921. Mutum 34 suka tashi, 16 suka kai ƙarshe. Hanyar tana tsakanin Durban, a bakin teku, da Pietermaritzburg, a kan tudu, nisanta kusan kilomita 90 ne, da manyan tuddai 5. In bana an hau, baɗi sai a gangaro. Ana tashi da asuba bayan an ji carar zakara, ana kuma rufe ƙofa bayan awa 12 cif. Wanda ya makara ko da daƙiƙa ɗaya ba shi da lambar yabo.

Sai a 1975 aka yarda baƙar fata da mata su shiga bisa doka, shekarar da aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa. A 1989 Sam Tshabalala ya zama baƙar fata na farko da ya ci tseren.

Amma abin da ya ɗaukaka sunan wannan tsere shi ne zumunci. Yawancin masu shiga ba neman na ɗaya suke ba, so suke su isa kafin a rufe. Saboda haka sukan haɗu ƙungiya ƙungiya, da jagora wanda ya san hanya, yana faɗa musu inda za su yi gudu da inda za su taka a hankali. Sau da yawa akan ga mutum biyu sun tallabo na uku da ƙafarsa ta ƙi, sun tsallakar da shi layi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga abokan da suke son gwadawa a hanyoyin Adar, ga ƙa'idodi kaɗan. A fara da kilomita 5 ko 10, a riƙa ƙarawa mako mako. A wajen hawa a rage tsawon taki, kada a yi kunyar komawa tafiya. A wajen gangara a riƙe jiki, domin gangara ta fi hawa cin cinya da gwiwa. A sha ruwa ko ba a ji ƙishirwa ba, gama busasshiyar iska tana shanye ruwan jiki a ɓoye. Ranar da hazo ya yi kauri a haƙura, musamman mai tari ko asma. Mafi ƙarfi a cikin abokai shi ya kamata ya tsaya baya, tare da mafi rauni.

Babban hatsari yana kan kwalta. Manyan motoci masu ɗauke da siminti da albasa ba sa iya tsayawa nan take, direba kuma ba ya gani sosai cikin hazo. Masu gudu su bi gefen da za su fuskanci mota mai zuwa, ɗaya bayan ɗaya, da riga mai haske. In tseren ya zama na jama'a, wajibi ne a sanar da magajin gari da jandarmomi, a kuma samu ma'aikacin lafiya da ruwa a kan hanya.

Nijar ta taɓa aika ɗanta Abdu Manzo gudun famfalaki na kilomita 42 a wasannin Olamfik na Seul a 1988. Irinsa ba sa samuwa sai in yara sun saba da gudu tun daga ƙauye. Malaman makaranta da shugabannin matasa suna iya zaɓen rana ɗaya ta hunturu, su auna hanya, su tara samari, garin kuma ya fito ya jira na ƙarshe kamar yadda ya tarbi na farko. Allah ya ba da iko.