Yadda A Ke Auna Gas A Na'urar Sanyi Ta Tsohuwar Mota

Idan bazara ta yi, mai tsohuwar mota ya kunna na'urar sanyi, watau esi, ya ji iska mai ɗumi ta na fitowa, abin da ya kan fara faɗa shi ne gas ya ƙare. Sai ya tafi wurin makaniki a ƙara masa. Makaniki ya ɗaura tiyo, ya yi ta ɗurawa ya na taɓa bututu da hannu, in ya ji sanyi ya ce ya isa. Ina so in bayyana wa 'yan'uwa malamai da ɗalibai abin da ya sa wannan hanya ta kan jawo hasara. A kan ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. To, a wannan aiki sikeli ne kaɗai ya san ƙima.

Da farko sai mu san yadda na'urar ta ke aiki. Kowa ya san ruwan randa ya fi na kwano sanyi. Dalili kuwa shi ne ruwan da ya tsattsafo a jikin randa ya na bushewa, in ya tashi sai ya tafi da zafi. Haka gas ɗin mota ya ke yi, sai dai shi ba a barinsa ya tafi. Kwamfaresa ta matsa shi, ta tura shi cikin kwandensa da ke gaban lagireto, iska ta hura shi ya zama ruwa. Daga nan ya bi ta wata 'yar ƙaramar kafa ya shiga akwatin sanyi da ke cikin mota, ya tafasa, ya kwashe zafin iska, ya koma wurin kwamfaresa. Gas ɗin da a ke kira R-134a ya na tafasa a digiri 26 ƙasa da sifiri. Tun da kewayawa ya ke yi, ba ya ƙonewa kamar fetur. In ya ragu, to, akwai inda ya ke yoyo.

Idan gas ya yi kaɗan, sanyi zai ragu, amma akwai abin da ya fi wannan muni. Man da ke shafe kwamfaresa tare da gas ya ke yawo. Gas kaɗan ba ya iya komo da mai yadda ya kamata, sai kwamfaresa ta yi zafi ta cinye kanta. Idan kuwa ya yi yawa, sai ruwan gas ya cika kwandensa, ya rage wurin da zafi zai fita. Matsi ya hau, inji ya sha wahala, sanyi kuma ya ragu. Wani lokaci ruwan ya kan kai ga kwamfaresa, ita kuwa ba a yi ta don matsa ruwa ba, sai ta fashe daga ciki. Kun ga ke nan, ƙaranci da yawa duka rashin sanyi su ke kawowa. Wanda bai auna ba ya na iya ƙara gas a motar da ta riga ta ƙoshi.

Wani zai ce, ai akwai geji. Gaskiya ne, geji ya na da amfani wajen gano ciwo, amma ba ya faɗin nauyi. In inji ya na kashe, muddin akwai ɗan ruwan gas a ciki, zafin gari ne ke juya allurar. A zafin digiri 30, R-134a zai nuna wajen 97 a ma'aunin psi, ko na'urar cike ta ke ko rabi. In inji ya na aiki kuma, zafin rana da ƙarfin fanka da ƙurar da ta toshe kwandensa duk su na sāke abin da allura za ta nuna.

Sai kuma a san irin gas ɗin. Motocin dā, kamar Peugeot 504 na farkon waɗanda a ka fara haɗawa a Kaduna a 1975, in su na da esi R-12 su ke sha. An gane ya na ɓata rufin ozon da ke kāre duniya daga zafin hasken rana, sai ƙasashe su ka yi yarjejeniya a Mantiriyal ta Kanada a 1987 don a daina yinsa. Tsakanin 1992 da 1995 masu ƙera motoci su ka koma R-134a, ƙasashe irin Nijeriya kuma a ka ba su wa'adi zuwa 2010. Sababbin motoci da yawa yanzu R-1234yf su ke sha. Ba a gauraya su. Motar R-12 in za a mai da ita ta R-134a, sai an sāke mai, domin man dā ba ya bin sabon gas, kuma a kan zuba kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na nauyin dā. Akwai ɗan gilashin leƙe a bututun tsofaffin motoci. Dā in kumfa ta ɓace a cikinsa an san R-12 ya cika. Bayan an sāke gas kuwa, kumfa ta kan nuna ko da awo ya yi daidai, wanda ya bi ta zai zuba fiye da ƙima.

Ga yadda aikin kirki ya ke. A buɗe bonet a nemi 'yar takardar da a ka manna, ita ke faɗin irin gas da nauyinsa. Yawancin ƙananan motoci tsakanin giram 500 ne da 900. A nemo wurin yoyo, galibi inda mai ya jiƙa bututu ƙura ta manne, a gyara. In an buɗe na'urar, a sāke gwangwanin da ke shanye laima. A kwashe sauran gas da injin kwashewa, kada a sake shi cikin iska. Sa'an nan a ɗaura famfon zuƙe iska na aƙalla minti 30, domin laimar da ta rage ta kan daskare ta toshe 'yar kafar nan, ta kan kuma ci ƙarfe. A rufe, a jira a ga ko allura za ta motsa. In ba ta motsa ba, a ɗora tukunyar gas a kan sikeli, a zuba daidai abin da takarda ta ce, a tsaya.

Gargaɗi biyu zan ƙara. Kada a yarda a zuba gas ɗin girki don araha, domin wuta ya ke kamawa. Ruwan gas kuma in ya fantsama ya na ƙona fata da ido saboda tsananin sanyi, don haka mai aiki ya sa tabarau da safar hannu.

Shawarata ga duk wanda zai kai motarsa ita ce ya tambayi makaniki, cikin ladabi, giram nawa zai zuba, ya kuma nemi ganin sikelin. Kuɗin awo kaɗan ne, kuɗin sabuwar kwamfaresa kuwa ya na iya cinye albashin wata.