Zaɓen Malamai Dabam, Zaɓen Masu Karatu Dabam

Idan aka tambayi malamin Hausa na jami'a waɗanne ne littattafan hira da suka fi kyau, da wuya ya kasa farawa da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki. Amma in aka shiga cikin gida a Fagge, ko a Sabo ta Badun, ko a Agege ta Ikko, aka tambayi uwargida wane littafi ne ya taɓa hana ta barci, sai a ji waɗansu sunaye dabam. To, tsakanin malam da uwargida wa ya fi gaskiya?

Wannan gardama ba a kan Hausawa aka fara ta ba. Cikin 1998 kamfanin Modern Library na Amurka ya sa masana suka zaɓi littattafan hira 100 na Turanci da suka fi kyau a ƙarni na 20. Suka ɗora Ulysses na James Joyce a kan gaba, littafin da ko Turawan ma da yawa sukan ajiye shi ba su kai ƙarshe ba. Da aka ba masu karatu dama su jefa ƙuri'a, sai wani littafin Ayn Rand ya zo na ɗaya, huɗu daga cikin goman farko kuma duk nata ne, domin magoya bayanta sun yi gayya. Watau kowane jeri da irin tasa karkatar.

A ƙasar Hausa, jerin farko alƙalai ne suka yi shi. Cikin 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta labarai da boko. Daga nan aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin. Makaranta ce ta ɗauke su ta raba wa yara, shekara da shekaru, har suka zama ma'aunin da ake gwada kowane sabon littafi da shi.

Haka aka ci gaba da bin hanyar gasa. Cikin 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga littattafan da suka ci gasarsa, watau Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Littafin Hafsatu shi ya zo na biyu a wurin alƙalai, amma shi ne ya nuna wa 'yan mata cewa mace ma tana iya rubuta abin da ke damunta a buga.

Ana nan sai abubuwa biyu suka haɗu. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 da azuzuwan yaƙi da jahilci sun yaye dubban matasa da matan aure masu iya karatu. A ɗaya gefen kuma tattalin arziki ya taɓarɓare a tsakiyar shekarun 1980, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya. Ga masu karatu, babu abin karantawa. Sai marubuta suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, suna kai wa 'yan kasuwa a Kano. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina cikin 1984. Balaraba Ramat Yakubu ta biyo baya, sa'an nan Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna, da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Allura Cikin Ruwa. Ana saye, ana haya, ana karanta su a rediyo, littafi guda ya zaga gidaje har bangonsa ya yage.

Malamai da yawa ba su yi na'am ba, kuma suna da hujja. Sun ce bugun ba shi da kyau, ba a kiyaye ƙa'idojin rubutu, jigon kusan ɗaya ne, waɗansu labaran kuma daga finafinan Indiya aka kwaso su. Ibrahim Malumfashi ya raɗa musu suna Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da 'yan ƙananan littattafan Turanci na kasuwar Anacha. Abdalla Uba Adamu kuwa ya tsaya musu, aka yi ta kai da kawowa a jaridu cikin shekarun 1990.

Abin da jerin malamai bai auna ba shi ne dalilin da ya sa mata suka rungumi waɗannan littattafai. A duba Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba, wanda ya fito cikin 1990. Labarin Rabi ne, wadda mijinta ya yi amarya ya kore ta da 'ya'ya tara, ta koma sayar da abinci don ta ciyar da su, ta kuma biya musu kuɗin makaranta. Matar da ta ga irin wannan a gidansu ko a maƙwabta ba ta bukatar malami ya gaya mata littafin yana da ma'ana. Cikin 2012 aka buga fassararsa ta Turanci a Indiya, wadda Aliyu Kamal ya yi, yanzu kuma har a jami'o'in ƙasashen waje ana nazarinsa.

Wannan ba gardamar fatar baki ba ce kawai. Littafin da ya shiga jerin malamai yakan sami gurbi a manhaja, a sake buga shi, a adana shi a laburare. Wanda aka bari a waje kuwa, in ya ƙare a kasuwa shi ke nan, wani lokaci ma abin yakan fi haka muni. Cikin 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta Jihar Kano ta ƙona waɗansu littattafan soyayya a bainar jama'a, a kan suna ɓata tarbiyya. Mutanen Kudu sun riga sun ga irin wannan asara. Littattafan Anacha da aka raina, irin su Veronica My Daughter na Ogali A. Ogali, yau mai neman da yawa daga cikinsu sai ya dangana da laburaren Ingila ko Amurka.

Duk da haka yawan ciniki ba shi ne inganci ba. Ɗaruruwan littattafan da aka yi rububinsu a Kano yau ko sunansu ba a tunawa. Ruwan Bagaja kuwa ya haura shekara 90, yara suna dariyar Malam Zurƙe ɗan Muhamman kamar yadda kakanninsu suka yi. Shi ne shaidar cewa littafi yana iya gamsar da malam da uwargida gaba ɗaya.

Saboda haka mai karatu ya ɗauki jerin malamai kamar ɗan jagora a baƙon gari: zai nuna masa hanyoyin da bai sani ba, amma ba zai zaɓar masa masauki ba. Su kuma masu tsara manhaja da masu kula da laburare, kafin su rufe jerinsu, ya kamata su leƙa rumfunan hayar littattafai su tambayi wanne ne ba ya kwana a kan kanta. A adana shi tukuna, hukunci ya biyo baya.