Mai Riƙe da Dosiye In Ya Tashi Neman Aure

Duk wanda ya taɓa zama a bencin jira na wani ofishin kula da ma'aikata a birnin Tawa, dab da komawa makaranta a watan Oktoba, ya san irin jama'ar da ke taruwa a nan: malamai 'yan kwantiragi, da ungozomomi, da masu jinya, waɗansu sun yi sammako daga Tebaram da sauran garuruwan arewacin Adar, kowa da takardunsa ƙunshe cikin leda saboda ƙura, kowa kuma da buƙatarsa, ko a maido shi kusa da iyali, ko a sa hannu a takardar hutunsa. A bayan tebur kuwa mutum guda ne zaune da hatimi da alƙalami, ga kabad cike da dosiye, inda aka rubuta shekarun kowace ma'aikaciya, da lambar wayarta, da ko tana da aure ko aurenta ya mutu.

A irin wannan benci ne na ji wata malama ta sunkuya ta ce wa ƙawarta, murya ƙasa-ƙasa, tana nufin mai hatimin, "Yaya, jiya bayan lisha ya kira ni, alhali ban taɓa ba shi lambata ba." Mai yiwuwa ne niyyar mutumin aure ce tsarkakakkiya, domin neman aure halal ne, kuma gidaje da yawa masu albarka a wurin aiki aka fara ganin juna. Amma lambar nan amana ce da aka ajiye wa hukuma, kuma yarinyar da ta san cewa hannun da ya kira ta shi ne zai rubuta ko ta dawo Tawa ko ta ƙara shekara a ƙauye nesa da mahaifanta, ba ta da sararin cewa a'a yadda zuciyarta ke so. Yardar da tsoro ya gauraya da ita, malaman addini ba su kiranta yarda.

Magabatanmu na mazhabar Malikiyya sun riga sun hango wannan ƙofa. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajirai ke karantawa a zaure har yau, ba a karɓar shaidar miji ga matarsa, ko ta mata ga mijinta, ko da kuwa adilai ne, saboda soyayya tana jawo tuhuma, tuhuma kuwa tana ɓata hukunci ko da ya dace da gaskiya. To, idan an hana mai shaida, yaya mai hatimi? Ko a ƙasashen Turawa haka abin yake, gama a shekarar 2007 shugaban Bankin Duniya, Paul Wolfowitz, ya bar kujerarsa bayan da ta bayyana cewa da hannunsa cikin ƙarin albashin da aka yi wa matar da yake tare da ita.

Dokar Nijar ma ta yi magana. Kundin dokar aiki na 25 ga Satumba 2012 ya haramta wa mai iko ya matsa wa na ƙasa da shi don biyan sha'awa, kundin hukunta laifuka kuma, tun gyaran 2003, ya tanadi ɗauri da tara, ya kuma tsananta su a kan wanda ya fake da muƙaminsa. Sai dai doka tana jiran ƙara, mace kuwa a ƙasarmu kunya da tsoron bakin mutane sukan rufe mata baki tun kafin ta kai ƙofar sufeton aiki.

Saboda haka nauyin yana wuyan ma'aikacin ne tun farko. In ya ji zuciyarsa ta karkata ga wadda dosiyenta ke hannunsa, wajibi ne ya sanar da shugabansa a rubuce, ya janye hannunsa daga duk abin da ya shafi matsayinta, da canjin wurin aikinta, da ladabtar da ita, sa'an nan ya bi ta ƙofar waliyyinta kamar kowane mai nema. In ta ƙi shi, kada ya sake waiwayar dosiyen nan har abada, domin ramuwar wanda aka ƙi takan zo ne cikin rigar ƙa'ida. Ganawar aiki kuma a yi ta da rana, ƙofa a buɗe, don tsare mutuncinsu su biyu daga halwa da shubuha.

Na san za a ce a ƙaramin gari kamar Tebaram, inda ma'aikata ba su da yawa kuma kowa ya san kowa, babu wanda za a miƙa wa aikin. Gaskiya ne, kuma a nan ne abin ya fi wuya. Amma motocin Tawa suna tashi, ana iya sa dosiyen a ambulan a aika wa na sama ya duba, ko da takardar malamar za ta yi jinkirin mako biyu kafin ta dawo.