Iska Da Gudun Mita 100

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, duk lokacin da aka gama gasar guje-guje, tambayar da ke bakin kowa ita ce, "Sakan nawa ya yi?" Da wuya ka ji wanda ya ce, "Ina iska ta dosa?" Alhali kuwa amsar ta farko ba ta cika sai da ta biyu.

Ga dalili. Mai gudu iska yake ratsawa, kamar yadda mai iyo yake ratsa ruwa. Gwanin da ke cin mita 10 a kowane sakan, ko da ganye ba ya motsi, ƙirjinsa yana karo da iska mai saurin mita 10 a sakan. In iska mai saurin mita 2 ta biyo bayansa, abin da zai ture ya koma 8. In kuwa ta gaba ta taho, ya zama 12. Masana sun ƙiyasta cewa irin wannan iskar ta baya tana rage wa mai gudun mita 100 kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan. Kada a raina wannan, domin a wajen gwanaye ratar mita guda ce, kuma ita kan raba na ɗaya da na huɗu.

Saboda haka ne hukumar guje-guje ta duniya ta kafa doka. Ana ajiye ma'aunin iska a gefen fili, kuma in iskar baya ta wuce mita 2 a sakan, wanda ya ci ya ci, amma ba za a rubuta lokacinsa a littafin tarihi ba. Lokacin da Usain Bolt ya yi sakan 9.58 a Balin a 2009, iskar 0.9 ce, sai aka karɓa. 'Yar ƙasarmu Tobi Amusan ta ga fuska biyu na dokar a rana ɗaya a Amurka a 2022. A gudun tsallake shinge na mita 100 ta yi 12.12, ta kafa tarihin duniya. A zagayen ƙarshe ta yi 12.06 ta ci zinariya, amma iska ta kai 2.5, ba a ƙirga lokacin ba.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Gout Gout, ɗan Ostireliya wanda iyayensa suka fito daga Sudan ta Kudu. A watan Disamba na 2024, yana ɗan shekara 16, ya yi sakan 10.04 a gasar makarantu, da iskar baya mai 3.4. A zagayen ƙarshe, da iska ta lafa, ya yi 10.17. Yaro ɗaya, ƙafa ɗaya, rana ɗaya! Abin da ya tabbatar da gwanintarsa shi ne gudun mita 200 da ya yi kashegari cikin 20.04 da iskar da doka ta yarda da ita, ya karya tarihin ƙasarsa da ya tsaya tun 1968.

To, mu fa? Yawancin filayen makarantu ba su da ma'aunin iska, ga shi kuwa iskar hunturu ba ta wasa. Yaron da ta tura zai iya ɗauka ya zama zakara ya daina motsa jiki, wanda ta tare kuma ya karaya ya bar gudu, alhali wataƙila shi ne mai rabo.

Shawarata ita ce, duk wanda ya rubuta lokacin ɗan tsere ya rubuta inda iska ta dosa a gefensa. A gwada yaro sau da yawa, a ranaku dabam-dabam, a kuma duba su wa ya tsere wa, tunda iska ɗaya ce ta kaɗa su duka. Iyaye kuma su yi haƙuri da sakamakon rana guda. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.