Tsibirin Biyoko: Keɓantattun Gaɓoɓin Teku, Turbobin Daji da Makomar Namun Dawa

1.0 Gabatarwa

Masu tallata yawon buɗe ido sukan kambama tsibiran yankin zafi da cewa gaɓoɓinsu keɓantattu ne, kamar keɓantar wata baiwa ce da ba ta gushewa. Wannan maƙala ta ɗauki tsibirin Biyoko na ƙasar Ikwatoriyal Gini domin nuna cewa keɓantar tana da dalilanta, kuma idan dalilan suka kau, halittun da ke fakewa da ita ne suke fara ɗanɗana kuɗarsu.

2.0 Tsibirin da Tarihinsa

Biyoko yana cikin Mashigin Tekun Gini, kimanin kilomita 32 daga gaɓar Kamaru, kuma faɗinsa ya ɗan haura murabba'in kilomita 2,000. Duwatsu masu aman wuta ne suka samar da shi. Mafi tsayinsu shi ne Dutsen Basile, mai kimanin mita 3,011. Mutanen Bubi su ne mazaunansa na asali. Turawan Fotigal sun iso shi a ƙarni na 15, suka miƙa shi ga Sifaniya a 1778, aka daɗe ana kiransa Farnando Fo. Ƙasar ta sami 'yancin kai a 1968.

A da can tsibirin yana haɗe da nahiyar Afirka. Kimanin shekaru 10,000 da suka wuce ruwan teku ya ƙaru ya raba su, dabbobin da ke cikinsa suka ci gaba da hayayyafa su kaɗai. Wannan ne ya sa wasunsu suka bambanta da 'yan'uwansu na Kamaru da Nijeriya.

3.0 Gaɓoɓin Kudu

Akasarin jama'a suna zaune ne a arewacin tsibirin, inda birnin Malabo yake. A gaɓar kudu kuwa kusan babu kowa, in ban da ƙauyen Ureka. Babban dalili shi ne ruwan sama: Ureka tana samun sama da milimita 10,000 a shekara, abin da ya ninka na Kano kusan sau goma, ya kuma sanya ta cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwa a Afirka. Ga tsaunuka, ga koguna masu saurin cika, ga igiyar ruwa mai wahalar da jiragen kwalekwale. Rairayin gaɓoɓin baƙi ne, domin daga narkakken dutse ya samo asali, kuma kurmi yakan gangaro har bakin ruwa.

A nan ne nau'o'i huɗu na kunkurun teku suke zuwa yin ƙwai, musamman tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Wannan halitta ta fi kififiyar kogunanmu girma nesa ba kusa ba. Mafi girmansu, wanda bayansa ke kama da jemammiyar fata, yana iya haura kilogiram 500. Macen takan fito da dare, ta haƙa rami a rairayi, ta binne ƙwanta, ta koma teku. Bayan kimanin wata biyu 'ya'yan suke ƙyanƙyashewa. Hasken fitila da hayaniya suna iya hana uwar fitowa, su kuma rikitar da 'ya'yan su kasa gane inda ruwa yake.

4.0 Turbobin Daji da Birai

Masu tattaki sukan fara ne daga Moka, wani gari mai sanyi a kan tudu. Daga can akwai turbar da ke kai wa Tafkin Biyawo, wanda ya taru a bakin wani mataccen dutse mai aman wuta. Tafiyar da ta fi kowace wuya ita ce ta shiga babban kwarin Luba, wanda bangayensa ke tsaye ƙiƙam. Tafiya ce ta kwanaki, da jagora da 'yan dako, ana ƙetare koguna ana kwana a daji. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Ladan wannan wahala shi ne ganin birai. Tsibirin yana da nau'o'i bakwai na birai masu yawo da rana. Daga cikinsu akwai dril, mai kama da gwaggon biri, baƙar fuska da guntun wutsiya, wanda ba a samunsa sai a Biyoko da kudu maso yammacin Kamaru da Jihar Kuros Riba. Akwai kuma wani jan biri mai cin ganye, wanda ragowarsa ta maƙale a kudu maso yammacin tsibirin, tana dab da ƙarewa.

5.0 Hanya da Farauta

A shekarar 2000 gwamnati ta keɓe yankin Dutsen Basile da na kwarin Luba a matsayin gandun da aka killace, a 2007 kuma ta haramta farautar birai. Duk da haka, masana daga jami'ar ƙasar da abokan aikinsu na Amurka, waɗanda suka shafe shekaru suna ƙidayar naman daji a kasuwar Malabo, sun nuna cewa cinikin bai tsaya ba. Arzikin man fetur ya ƙara wa mutanen birni ƙarfin saye, naman daji ya zama abin marmari, bindiga kuma ta sauƙaƙa harbo biri daga kan bishiya.

Daga baya aka shimfiɗa titin mota daga Luba zuwa Ureka. Tafiyar da a da sai an yi ta da ƙafa cikin wahala ta koma ta 'yan sa'o'i. Mutanen Ureka sun sami sauƙin zuwa asibiti da kasuwa, kuma wannan haƙƙinsu ne. Sai dai motar da ke kawo ɗan yawon buɗe ido ita ce ke iya kawo mafarauci, ta kuma koma da nama da ƙwan kunkuru.

6.0 Kammalawa

Abin da ya kare kudancin Biyoko tsawon zamani shi ne ruwan sama da tsaunuka da rashin hanya. Tun da hanya ta samu, aikin kariya ya koma wuyan mutane: masu gadin daji, shingayen bincike a kan titi, da ɗaukar 'yan ƙauyen aikin jagora da ƙidayar kunkuru, ta yadda dabba mai rai za ta fi matacciya kawo musu kuɗi. Baƙo ma yana da nasa: ya ɗauki jagora ɗan gari, ya kashe fitila a gaɓa, ya kuma ƙi sayen naman daji.