Masu asma da yawa ba su san suna da ita ba

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ya nuna cewa a shekarar 2019 mutane kusan miliyan 262 ne ke fama da cutar asma, kuma ta hallaka kimanin dubu 455.

Ita kuwa cutar toshewar hanyoyin numfashi da ake kira COPD, wadda ba ta warkewa, ta yi sanadin mutuwar mutane miliyan 3.5 a 2021.

Sai dai yawancin waɗanda ke ɗauke da cututtukan biyu a ƙasashe matalauta ba sa cikin rajistar kowane asibiti.

Wani bincike da Jami'ar Queen Mary da ke Landan ta jagoranta, aka wallafa a 2024, ya tuntuɓi ɗalibai fiye da dubu 27 masu shekaru 12 zuwa 14 a biranen Afirka shida, ciki har da Legas da Kumasi. Kimanin kashi 12 cikin ɗari sun ce numfashinsu na yin shisshita, amma ɗaya cikin biyar ne kawai daga cikinsu likita ya taɓa gaya wa cewa asma ce.

Ina matsalar take?

Ana tabbatar da COPD ne da wata na'ura da majiyyaci ke hura wa iska iyakar ƙarfinsa, ta auna yawan iskar da saurin fitarta. Da wuya a same ta a asibitin sha-ka-tafi, wanda shi ne inda akasarin jama'a ke fara zuwa.

Ma'aikacin lafiya a irin wannan wuri an horar da shi ne kan zazzaɓin cizon sauro da gudawa da rigakafi. Idan aka kawo mai tari, hankalinsa kan tafi ga mura, ko namoniya, ko tarin fuka. A ba da maganin tari, tarin ya lafa, ya dawo da hunturu, a sake ba da wani, ba tare da wani ya lura cewa mutum guda ne ke ta zarya ba.

Akwai kuma tunanin cewa COPD cutar mashaya taba ce. Haka lamarin yake a ƙasashe masu arziki, inda taba ke haddasa fiye da kashi 70 cikin ɗari. A ƙasashe masu tasowa kuwa hayaƙin icce da gawayi na da babban kaso, saboda haka matar da ta shafe shekaru talatin a gaban murhu na iya kamuwa, amma ba kasafai ake zarginta da cutar ba.

Ko an gano asma ma, sau da yawa maganin shaƙa mai buɗe ƙirji nan take, wato salbutamol, kaɗai ake bayarwa. Wanda ke kwantar da kumburin hanyoyin iska ya hana cutar tashi, shi ne ya fi tsada kuma ya fi wuyar samu.

Tun a 2010 WHO ta fitar da wani tsari mai suna PEN, wanda ke nuna wa ƙananan asibitoci tambayoyin da za su yi wa mai tari da ya daɗe, da lokacin da ya kamata su tura shi gaba.